Sulen Gwanja da Mudun Gida

Jama'a, in an zauna hira yanzu a Ƙetare, ko Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, da wuya a tashi ba a taɓo zancen fita waje ba. Wannan ya ce ɗan'uwansa na Saudiyya ana biyansa riyal kaza a wata, wancan ya ce nasa na Libiya ko Aljeriya. Nan da nan sai ka ga yaro ya zaro waya, ya buga riyal da naira, ya karanto adadin, kowa ya riƙe baki. Ba na ganin laifinsu, gama rashin zaman lafiya ya raba mutane da yawa da gonakinsu, wanda aka hana noma kuwa tilas ya dubi wata hanya. Amma lissafin nan rabin lissafi ne. Rabin da ya rage kakanninmu sun yi shi tun da wuri, da wuri kuma suka yi shi, a kan hanyar Gwanja. Labarin nan na ke so mu bi, mu ga abin da ke sa baƙo ya ji daɗin baƙunci, da abin da ke raba shi da wannan daɗi.

Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yanzu, babbar kasuwarta Salaga. Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Mu mutanen kudancin Katsina ba mu yi nisa da zancen ba, domin 'Yandoto, garin malamai da fatake, ga ta nan kusa da Tsafe, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara, a da kuwa ƙasar Katsina ce.

Abin mamaki, goron da a ke kira na Gwanja ba a Gwanja ya ke tsira ba. Itacen kurmi ne, na ƙasar Asante, waɗanda mutanen da ke kira Tonawa. Sarakunan Kumasi ba su yarda fataken arewa su shiga kurmi su saya da kansu ba, sai suka sa a riƙa fito da shi Salaga, a haɗu can. Bafatake ya kai turkuɗi, da kanwa, da busasshen ganyen albasa, da kayan dukanci, da dabbobi, ya sayar, ya sayi goro, ya juyo.

Faɗi ke nan da sauƙi. Ayari ya kan tashi da madugu, da jagaba, da uban dawaki, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Yendi ta Dagwamba, sa'an nan Salaga. Zuwa da komowa ya kan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda cur. Cikin 1826 Kyaftin Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun kai 1,000, maza da mata, dabbobin kaya ma kamar haka. Kowane sarki a kan hanya yana da nasa fito, kowane mai jirgi yana da nasa, Bargawa masu tare hanya kuwa ba su jiran a ba su. Ga goro abu ne mai shagwaɓa. Sai an naɗe shi da ganyen fita, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama, in an yi sakaci kwana kaɗan kaya ya tafi.

To, me ya sa mutum mai hankali zai bar iyalinsa ya shiga wannan wahala? Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya bar mana amsa da alƙalami. Ya shigo Katsina da Kano cikin 1851. Ya ce goron da ke shiga Kano kowace shekara ya fi kayan jaki 500, kayan jaki guda kuwa, in ya iso lafiya, ana sayar da shi wajen wuri 200,000. A wani wurin kuma ya ce da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su ci, su sha, su yi sutura shekara guda a ƙasar Kano ba tare da ƙunci ba. Mai karatu, ɗauki alli ka raba. Jaki guda ya ɗauko cimar gida ta fiye da shekara uku. Ko da an fid da uwar kuɗi, da fito, da guzuri, da jakin da ya mutu a hanya, da rabin goron da ya ruɓe, abin da ya saura ya isa a sake ɗaura niyya baɗi.

Sai dai a lura da inda daɗin ya ke. Kuɗin nan a kasuwar Kurmi ko ta Katsina su ke da auki, inda dawa ke da araha, gida na gado ne, itace na bakin gona. A Salaga kuwa ba haka ba. Gari ne mai ƙarancin ruwa, an haƙa rijiyoyi barkatai har ba su ƙidayuwa, duk da haka da rani ruwa saye a ke yi, itacen girki saye a ke yi, kurkunu kuma ya kwantar da mutane da yawa. Bahaushen da bai taɓa jin an sayar da ruwan sha a garinsu ba, can ya fara gani. Saboda haka dabarar fatake ita ce kada a daɗe. A sauka gidan mai gida, ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in bashi ya shiga tsakani, ya ci la'adarsa, kai kuma ka ɗaure kaya ka kama hanya kafin garin ya cinye ribar. A samu a inda kuɗi ke yawo, a kashe a inda hatsi ke kwance. Wannan ita ce gindin maganar duka, sauran reshe ne.

Akwai waɗanda lissafin bai shafa ba, ba kuwa zai kyautu a tsallake su ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce, cikin abin da Tonawa ke karɓa a madadin goro har da mutane. Da yawa daga masu dakon ayari ma bayi ne. Sun taka hanyar nan da ƙafafunsu kamar kowa, sun sha ruwan kurkunu kamar kowa, ba su da ko wuri guda a cikin ribar. In ana yabon arzikin Gwanja, a tuna da wuyan da ya ɗauko shi.

Waɗanda suka fi cin moriyar Salaga su ne masu gida, watau Hausawan da suka zauna dungum, suka gina gidaje, suka auri 'yan ƙasa, suka mai da saukar baƙi sana'a. Su ne kuma abin ya fi daka da ƙasa ta juya. Cikin 1874 Ingilishi suka ci Kumasi suka ƙone ta. Mutanen Gwanja suka ga dama ta samu, suka fid da wuyansu daga hannun Asante. Asante kuwa suka ce to, goro namu ne, suka karkata shi zuwa Kintampo da waɗansu kasuwanni. Kasuwar Salaga ta fara sanyi. Cikin 1892 rigimar sarauta ta tashi tsakanin masu garin, aka yi yaƙi, baƙi suka watse, waɗansu Kete-Krachi, waɗansu Yeji, waɗansu har bakin teku. Ba su tsoma baki a rigimar 1874 ba, ba su ne ke neman sarauta a 1892 ba, amma gidajensu ne suka zama kufai. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawaƙi, wanda ya koma Kete-Krachi ya zama limaminta, ya rasu can cikin 1934. Yana da waƙa a kan talauci da wadata, ban yi mamaki ba, gama ya ga mutum ya kwana da su duka biyu a gari guda.

Zuwan Turawa bai kashe tafiyar ba, ya sake mata kama ne. Da fari dai hanyar soja ta buɗe. Tun 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko, galibinsu bayin da suka gudu, ya ba su bindiga, da su aka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, waɗansunsu kuwa suka zauna a garuruwan bakin teku na Gwalkwas, wadda ita ce Gana yanzu. Daga nan aka san Bahaushe can da soja da ɗan sanda. Sa'an nan a gida haraji ya koma na tsabar azurfa. Da dami ko da wuri ba a sallamar mai karɓa, sai da sule, wanda ba shi da shi kuwa sai ya tafi inda a ke samunsa. Yunwar 1914, wadda waɗansu ke kira Kakalaba, da ta 1927, 'Yar Buhu, suka ƙara tura mutane.

Abu na uku shi ne wanda ba a cika ambata ba, a ganina kuwa ya fi sauran nauyi. Cikin 1912 Ingilishi suka kafa hukuma guda mai buga kuɗi domin ƙasashensu huɗu na Afirka ta Yamma, Nijeriya, da Gwalkwas, da Saliyo, da Gambiya. Sulen da aka biya ka a Kumasi shi ne sulen da za ka miƙa wa dagaci a Ƙetare. Babu ɗan canji a tsakani, babu wanda zai ce maka yau ya tashi gobe ya faɗi, babu fasfo. Domin yaran yanzu: kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam, sisi kwabo 6, nai kwabo 9. A Arewa ladan lebura a yini ya kan tsaya tsakanin sisi da nai, a Gwalkwas kuwa ya kan kai sule ko ya ɗara. Mutum ya ji haka, ya duba kuɗin harajinsa da na sadakin da ke gabansa, ai sai ya nemi takalmi.

Me ya sa ƙasar nan ta fi tamu biya? Zinariya da koko. Koko fa ba na damu da ƙosai ba, wani itace ne da Turawa ke yin alewa da 'ya'yansa. Cikin 1879 wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya komo da irinsa daga tsibirin Fernando Po, kafin 1911 ta ƙare Gwalkwas ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da shi. Gonaki suka yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Aka yi wata al'ada da su ke kira abusa, watau a kasa amfanin gona uku, mai aiki ya ɗauki kashi guda, mai gona biyu. Galibin masu wannan aiki Mosawa ne da mutanen arewacin ƙasar, haka kuma masu shiga ramin zinariya a Obuwasi da Tarkwa. Hausawa sun fi karkata ga abin da suka iya tun gida: goro, da fawa, da koli, da ɗinki, da malanta, da gadi. Amma kuɗin kokon ne ke zagayowa ya shiga aljihun kowa. Can kuma duk Musulmin arewa mai riga Bahaushe ne a bakinsu, ko Bazabarme ne ko Babarbare.

Hanyar goro ma ta sake. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sakwandi cikin 1903, na Ikko ya iso Kano cikin 1912. Sai ya zama goro ya bi jirgin ƙasa zuwa teku, ya bi na ruwa zuwa Ikko, ya sake hawa na ƙasa zuwa Kano, cikin 'yan makonni. Jaki ya huta, madugu ya rasa aiki. Cikin waɗanda suka fara gane wannan har da Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda aka haifa cikin 1877. Mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, watau Accra, ba ta Turkiyya ba, shi ma ya yi zama a ƙasar yana fataucin goro ta teku. Amma da jirgi ya iso Kano ya tattara ya komo. Cikin 1918 ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Neja, cikin 1929 da aka buɗe banki a Kano ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi 20. Dabarar fataken da ce ya bi, sai dai shi ya bi ta da jirgi.

Yanzu mu komo ga ƙaramin mutum, mai sule guda a yini, gama shi ne mafi yawa. Ranar da ya fara karɓar lada ya kan ga kamar ya gama da talauci. Kafin mako ya zagayo ya gane sulen Kumasi ba shi da nauyin sulen gida. A Ƙetare yana da rumbu, tuwon dare ba da kuɗi ya ke ci ba, ɗaki nasa ne, in ya yi ciwo akwai mai dama masa kunu. Can kuwa kome da kuɗi. Kurmi ba ya yin gero da dawa, sai rogo da doya da agade, in yana marmarin tuwon gida sai ya biya kuɗin hanyar da hatsin ya yi. Ƙudan tsando ba ya barin shanu su rayu a kurmi, sai an koro su daga arewa da ƙafa, saboda haka nama da tsada, abin da ya yi wa mahautanmu daɗi ya yi wa leburanmu zafi. Ɗaki na haya ne, kowane wata mai gida na bakin ƙofa. Ga zazzaɓin damina mai tsawo, ranar da ba ka fita ba kuwa babu lada.

Wanda ya komo da abin kirki, da ƙuntata wa kansa ya tara shi. Su haɗu su da yawa a ɗaki guda, a ci sau ɗaya ko sau biyu, a ba wani dattijo amintacce ajiya don kada hannu ya kai. In shekara ta yi, a sayi turmin atamfa, da akwati, da fitila, da laima, wanda Allah ya buɗa wa har da keke, a komo gida ana ƙamshin turare. Ranar da ya shigo gari yara na bin sa, 'yan'uwa na ta barka da zuwa, ba wanda ya ga daren da ya kwana da yunwa a kan buhu. Ƙannensa akwatin suka gani. Hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne, amma wa zai gaya wa saurayi haka ya ji?

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba su tara ba, ba su kuwa komo ba. Shekara ta fari ciwo ya ci kuɗin, ta biyu caca ko mata, ta uku bashi. Kunya ta hana su shiga gari hannu rabbana alhali sa'o'insu sun shigo da akwati. Sai a ce baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, har uwa ta mutu, mata ta kai ƙara gun alƙali a raba auren. Waɗannan ba su da suna a littafin kowa. A ƙasar Hausa dai ba a rasa gidan da a ke cewa wani kakansu ya yi Gwanja, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Amma kada a ɗauka duk wanda ya zauna can don kunya ya zauna. Da yawa sun zauna don sun ji daɗi, abin da ya ba su daɗin kuwa zango ne. Kalmar da a da ke nufin inda ayari ke kwana ta zama sunan unguwar baƙi a kowane gari na ƙasar. A nan Katsinawa suna da abin faɗi. Malam Na-Inno, Bakatsine, yana cikin malaman farko da suka kafa zango a Ankara, ɗansa Malam Baƙo kuwa shi ya fita bayan gari ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. A Kumasi, wajen 1919 aka naɗa Malam Salau, shi ma Bakatsine, Sarkin Zango, har Turawa suka ba shi ikon yin shari'a tsakanin baƙi na wani lokaci, Alhaji Umaru ma ya yi masa waƙar yabo da Larabci. A zango baƙo zai sauka ko bai san kowa ba, a tambaye shi garinsu, a kai shi gidan mutumin ƙasarsu. Akwai masallaci, akwai makarantar allo, akwai mai yi masa walicci in zai yi aure, akwai masu sallatarsa in ya mutu. Mai gida ya ba shi ɗaki kafin ya sami aiki, ya ba shi jari bashi in ya ga amana. In za a auna wannan da kuɗi, ya fi bambancin da ke tsakanin nai da sule nesa ba kusa ba. Lebura mai zango ya fi mai albashi marar kowa kwanciyar rai.

Har cikin tukunyar masu ƙasa zango ya shiga. Wanda ya je Gana zai ji ana sayar da koko da kose da safe, da wace, watau shinkafa da wake, da tuwon zafi. Masu dako a kasuwa kayakaya a ke ce musu. Duk bakin Hausa ne ya ɗan karkace.

In aka tambaya ko mutanen wajenmu sun yi wannan tafiya kamar na Sakkwato da na ƙasar Faransa, sai in ce kudancin Katsina ta fi zama masaukin 'yan cin rani bisa ga zama mafitarsu. Ƙasa ce mai dawa da auduga, ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ga jirgin Zariya ya ratsa ta nan ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Mai gona a Faskari ko Sabuwa yana iya samun kuɗin harajinsa a kasuwar auduga ba tare da ya ƙetare Kwara ba. Wannan ya sa abin da ke faruwa yanzu ya fi ciwo, ƙasar da ke sauke baƙi ita ke sallamar 'ya'yanta.

To, daɗin nan na Gwalkwas a kan abu biyu ya tsaya, kuɗi iri ɗaya da hanya buɗaɗɗiya, ba kuwa ɗaya daga cikinsu da ke hannun baƙo. Aka fara zare su sannu sannu. Da fari goron kansa ya yi ƙaura. Yarbawa suka dasa irin na Asante a wajen Agege da Shagamu, har yau gbanja su ke ce masa, sunan Gwanja ne a bakinsu. Bafatake ya ga ba sai ya fita Nijeriya ba, sai ya sauka Sabo ta Ibadan ko ta Shagamu. Sa'an nan kasuwar duniya ta faɗi cikin 1929, koko ya karye. Daga ƙarshen 1937 zuwa watannin farko na 1938 manoman koko suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa saboda sun haɗa baki a kan farashi. Manoma sun yi gaskiya, amma ɗan abusa da ke jiran kashinsa ya tafi gida, da me za a biya shi alhali buhuna na jibge? Bayan yaƙin Hitila tsadar kaya ta kai inda cikin Janairu 1948 mutanen Ankara suka ƙaurace wa kantunan Turawa, ran 28 ga Fabrairu aka harbe tsofaffin soja uku da suka fito neman hakkinsu, gari ya rikice. Lada ya ƙaru a takarda, abin da ya ke saye ya ragu.

Gana ta sami mulkin kai cikin Maris 1957. Cikin shekaran nan gwamnatin Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Ahmadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Kano, saboda suna goyon bayan 'yan hamayya. Suka kai ƙara cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, maganar ta mutu. Wanda ke da ido ya ga alama tun ran nan. In ana iya ɗauke shugaban zango a sa shi jirgi, ina mai gadi?

Kuɗi kuma suka rabu. Gana ta buga fam nata cikin 1958, Nijeriya nata cikin 1959. Cikin 1961 Gana ta sa takunkumi a kan fitar da kuɗi, cikin 1965 ta koma sidi, cikin 1967 aka karya darajarsa. Mutumin da ya shekara 20 yana tara abin da zai koma da shi gida ya wayi gari da takardun da ba a karɓa a kasuwar Funtuwa, in ya kai wa ɗan canji a ɓoye a ba shi abin da aka ga dama. Albashinsa bai ragu da ko kwabo ba, amma gadar da ke tsakanin inda ya ke samu da inda zai kashe ta karye. Da yawa daga nan suka daina zancen komawa, suka sa kuɗinsu a gini da shago can inda su ke, suna ganin ƙasa ba ta gudu.

Ƙidayar 1960 ta nuna wajen mutum guda cikin 8 a Gana asalinsa baƙo ne, Hausawa kuwa wajen 60,000. Muddin koko na da daraja ba wanda ya damu. Da aiki ya yi wuya, 'yan ƙasa suka fara duban shagon baƙo. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umurni, duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin mako biyu, ko ya fita. Ina mutumin da kakansa ya shigo da jaki zai sami takarda? 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 suka fito, mafi yawansu Yarbawa, da Hausawa da yawa a ciki, ban da mutanen Nijar da Togo da sauran maƙwabta. Aka sayar da gidaje da shaguna a kan abin da bai kai kuɗin ƙofofinsu ba, gama mai saye ya san ranar tashinka. Aka cika manyan motoci, aka yi kwanaki a bakin iyaka, tsofaffi da jarirai suka mutu a hanya. Waɗansu da aka sauke a Kano da Katsina da Sakkwato ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausarsu ma ta zango ce, yara na yi musu dariya. Nijeriya kuwa lokacin tana cikin yaƙin basasa, bai ƙare ba sai Janairu 1970. Zangunan ba su mutu ba, waɗanda suka sami takarda ko suka ɓuya sun zauna, jikokinsu 'yan Gana ne yau, amma tafiyar nan ta saurayi ya je ya yi shekara ya komo da akwati ta yanke daga ran nan.

Ba a yi shekara goma ba ruwa ya juya. Man fetur ya yi daraja, naira ta fi dalar Amurka, sidi ya zama abin tausayi. Mutanen Gana suka kwararo Nijeriya, masu gini, da teloli, da makanikai, da malaman makaranta, har makarantun jihar Kaduna ta da, wadda Katsina ke cikinta kafin 1987. Su ma suka haɗu da yawa a ɗaki guda, suka ci sau ɗaya, suka tara naira suna aikawa Kumasi inda ta ke da auki. Da farashin mai ya faɗi, ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba da sanarwa duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Mutanen Gana wajen miliyan guda suka ɗura kayansu cikin jakunkunan nan masu ratsin ja da shuɗi, waɗanda har yau da sunan ƙasarsu a ke kiransu a kasuwa, suka nufi iyakar Seme da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Wa'adin da aka ba su mako biyu ne.